Darasin Yadakunya: yadda aka koyi riƙe majinyaci a kan magani

A bayan birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, akwai asibitin da ake kira Yadakunya. Sunan kansa kira ne ga mai cutar kuturta da ya ya da kunya ya fito neman magani. An kafa wurin a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da hukumomin En'e suka damƙa wa ƙungiyar mishan ta SIM kula da zangon kutare a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a lardin Sakkwato. Tarihin da ya biyo baya ya amsa tambayar da har yau take damun likitoci: yaya za a gano cutar jijiya da wuri, kuma yaya za a sa mutum ya daure wa shan magani na tsawon shekaru?

Kuturta cutar jijiyoyi ce tun kafin ta bayyana a yatsu. Ƙwayar da ke kawo ta, wadda likitan ƙasar Norwe Gerhard Hansen ya gano a 1873, tana kama jijiyoyin da ke kai saƙon taɓawa da zafi daga fata. Tana hayayyafa a hankali ƙwarai, har takan yi shekara biyar ko fiye a jiki ba a sani ba. Alamar farko tabo ne mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, mai kama da ƙyasfi. Malamin asibiti yakan sa majinyaci ya rufe ido, ya shafa auduga a kan tabon. Idan bai ji ba, sai a laluba jijiyar gwiwar hannu a ji ko ta yi kauri, a kuma ɗan tsaga fatar kunne a duba a madubin likita. Dungulmin da jama'a suka sani yana zuwa ne daga baya, bayan hannu ya daina jin wuta, ƙafa ta daina jin ƙaya. Wanda aka gano tun yana matakin tabo yakan warke da yatsunsa cikakku.

A shekarun farko na Yadakunya maganin da ake da shi man wani icce ne na ƙasar Indiya, mai suna calmugura, wanda ake yin allurarsa a fata. Allurar tana da zafi, amfaninta kuma kaɗan ne. Tsarin jinya shi ne a raba mutum da gari. Ga manomin Rano ko Kibiya, can kudancin Kano, wannan na nufin barin gona da iyali ya tafi wancan gefen birni na shekaru. Duk wanda ya auna abin da zai rasa, sai ya ja hannun riga ya rufe tabonsa. Ɓoyewar nan ita ce ke ba cutar lokacin cin jijiya.

Sauyi ya zo daga kudancin Nijeriya. A ƙarshen shekarun 1940, Dakta John Lowe, a zangon kutare na Uzuakoli da ke jihar Abiya ta yanzu, ya nuna cewa ƙwayar dafson, wadda a da ake tsoron gubarta, tana aiki lafiya idan aka ba da ita kaɗan-kaɗan ta baki. Ƙwaya ce mai arha, ba ta bukatar sirinji ko firji. A shekarun 1950, ƙarƙashin Dakta C. M. Ross, Jihar Arewa ta ɗauki tsarin raba ta a ƙananan ɗakunan shan magani na karkara, inda majinyaci zai zo a ranar da aka yanka, ya haɗiye ƙwayarsa a gaban malami, a rubuta a littafi, ya koma gida. Jama'a suka yi tururuwa, domin a karon farko mutum na iya jinya yana kwana a ɗakinsa.

Amma dafson tana da tata matsalar. Ana shan ta shekara da shekaru, masu nau'in cutar mai tsanani kuwa har iyakar rai. Da tabo ya ɓace, mutum ya ga ba abin da ke damunsa, sai zuwa ya fara ja da baya. Damina ta faɗi, hanya ta yanke, aikin gona ya taso. Rani ya yi, matasa sun tafi cin rani. Wanda ya sha wata uku ya bari wata biyu yana koya wa ƙwayar cutar yadda za ta jure magani. A 1964 masu bincike a zangon Sungai Buloh na ƙasar Malesiya suka tabbatar da samuwar ƙwayar da dafson ba ta kashewa, kuma zuwa shekarun 1970 abin ya bazu a ƙasashe da dama.

A 1981 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar haɗa magunguna uku: dafson, da rifamfisin, da kilofazimin. Shi wannan na ukun ma a Uzuakoli aka fara gwada shi a kan kuturta, a hannun Dakta Stanley Browne, a farkon shekarun 1960. Hikimar sabon tsarin tana cikin yadda aka gina shi a kan halin ɗan Adam. An sa wa jinya iyaka: wata shida ga mai ƙaramin nau'i, shekara biyu ga mai babba, daga baya aka rage zuwa wata goma sha biyu. An jera ƙwayoyin wata guda a kati ɗaya, yadda ko wanda bai yi karatu ba zai ga inda ya tsaya. Kashi mafi ƙarfi ana shan sa sau ɗaya a wata a gaban ma'aikaci, wanda ya ɓace kuma a bi sawunsa har gida. Daga 1995 maganin ya zama kyauta a duniya baki ɗaya, da kuɗin gidauniyar Nippon ta Japan, sannan daga 2000 kamfanin Novartis ya ɗauki nauyi. Ma'aikatan da aka horar a cibiyar Saye da ke Zariya sun koyi gaya wa majinyaci tun ranar farko cewa rifamfisin zai mayar da fitsarinsa ja, kilofazimin kuma zai ƙara wa fatarsa duhu na ɗan lokaci, domin wanda aka gargaɗa ba ya firgita ya jefar da kati. A 1998 Nijeriya ta kai mizanin ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000.

Wannan tarihi yana da amfani ga wata cutar jijiya da ta bambanta da kuturta ta fuskoki da yawa, wato cutar zaizayar rigar jijiyoyi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MS. Ba ƙwaya ce ake ɗauka daga wani ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya siffanta ta a 1868. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata sun fi maza, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya. An daɗe ana ganin ba ta cika samuwa a Afirka ba, sai dai gano ta na bukatar likitan jijiya da hoton MRI, waɗanda a jihar Kano sai a birni, a wurare irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ƙa'idojin McDonald na 2001 sun bukaci a nuna cewa lahanin ya taɓa wurare daban-daban, a lokuta daban-daban.

Kamancin yana nan. MS takan zo ta tafi: ido ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta mutu na makonni, sannan ta lafa. A ƙauyen Kibiya irin wannan za a iya danganta shi da iska ko sammu, kuma lafawar ta zama shaidar cewa abin da aka sha ya yi aiki. Magungunanta, tun daga intaferon da Amurka ta amince da shi a 1993, ba sa warkarwa. Suna rage yawan dawowarta ne, don haka mai shan su ba ya jin amfaninsu a jikinsa, illarsu kawai yake ji. Wannan shi ne tarkon da masu shan dafson suka faɗa. A watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS uku cikin jerin magunguna na wajibi, ciki har da rituksimab, wanda ake ƙarin ruwansa kusan duk wata shida. Ga mai tasowa daga Rano, zuwa birni sau biyu a shekara abu ne mai yiwuwa, in an sami mai biyan kuɗin da mai tuna masa rana.

Sharaɗin ƙarshe kuwa yana wuyan hukuma. Daga 2024 zuwa Maris na 2025 maganin kuturta ya yanke a Nijeriya saboda jinkirin shigo da shi, majinyata suka riƙa zuwa asibiti suna komawa hannu rabbana. Mutumin da ya biya kuɗin mota daga Kibiya sau biyu bai sami komai ba, da wuya ya zo na uku, kuma a littafin asibiti sunansa ne za a rubuta cikin waɗanda suka guje wa magani.