Matatar sigina a wayar salula: yadda ake kashe girgizar da ba a so

Cikin kowace wayar salula ta zamani akwai wasu ƙananan kayayyaki da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, waɗanda ake kira matatun sigina. Aikinsu shi ne su bar saƙon da wayar ke jira ya wuce, su tare na sauran tashoshi da ke cunkushe a iska. Mafi yawansu da girgiza suke aiki, kuma babbar matsalar masu ƙera su ita ce girgizar da ke tasowa ba tare da an neme ta ba.

Asalin fasahar

A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da ke fitar da lantarki idan an matse su. Daga baya aka tabbatar cewa idan an sa musu lantarki su ma suna motsawa. A 1885 masanin Ingila Lord Rayleigh ya yi bayanin wata irin igiyar girgiza da ke bin saman abu mai tauri ba tare da ta nutse ciki ba. Sai a 1965 Richard White da F. W. Voltmer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka haɗa ilimin biyu, suka samar da tsarin da ake amfani da shi har yau. Irin wannan matata ita ake kira SAW. Cikin manyan masu ƙera ta akwai Murata na Japan da Qualcomm da Skyworks da Qorvo na Amurka.

Yadda take aiki

Ana samun ɗan fallen dutse na musamman, galibi lithium niobate ko lithium tantalate, a shimfiɗa masa siraran layukan ƙarfe, yawanci na alminiyom ko jan ƙarfe. Siffarsu kamar matsefi biyu ne da aka saka haƙoran ɗaya tsakanin na ɗaya ba tare da sun taɓa juna ba. Idan sigina ta shiga, haƙoran sukan sa saman dutsen ya yi girgiza. Wadda ta dace da tazarar haƙoran ce kaɗai ke ƙarfi, sannan a mayar da ita lantarki.

Girgizar tana gudun kimanin mita 4,000 a daƙiƙa, wato ta fi siginar rediyo jinkiri kimanin sau 75,000, kuma wannan jinkiri ne ya sa matatar ta iya zama ƙarama. Ga siginar da ke bugawa sau biliyan 2 a daƙiƙa, tsawon igiya ɗaya maikuron 2 ne, faɗin haƙori kuma rabin maikuron. Kaurin silin gashin mutum ya fi haka sau ɗari da wani abu.

Inda matsalar take

Duk wanda ya taɓa ɗaukar ƙwarya cike da ruwa ya san ruwan ba gaba da baya kawai yake tangaɗi ba, har gefe da gefe. Haka girgizar take. Ana son ta bi tsawon matatar, tana ratsa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, amma wani kaso yakan karkace ya bugi gefe ya dawo, ya kafa nasa salon a faɗin matatar. Ban da wannan, dutsen yana iya ɗaukar wata irin girgizar daban wadda gudunta bai yi daidai da na wadda ake so ba.

Waɗannan baƙin girgiza suna cinye wani ɓangare na ƙarfin siginar, suna mayar da shi zafi. Sakamakon shi ne raunin karɓar saƙo da ƙarin jan batir yayin aikawa, wani lokaci har haƙoran su lalace da wuri. Abin ya fi tsanani inda tashoshi ke maƙwabtaka: wani zangon 4G yana ƙarewa a megahaz 2,400, daidai inda zangon Wi-Fi yake farawa.

Dabarun gyara

Ta farko ita ce bambanta tsawon haɗuwar haƙoran, ta yadda na tsakiya za su shige juna sosai, na gefe kuma kaɗan. Baƙuwar girgizar ba ta samun faɗi ɗaya da za ta zauna a kai. Illar ita ce matatar takan ƙara girma, ingancinta kuma ya ɗan ragu. Akan haɗa wannan da gajerun haƙora na bogi, waɗanda ke cike giɓin da ke gaban kowane haƙori don kada girgiza ta warwatse a nan.

Ta biyu, wadda ta yaɗu a matatun zamani, ana kiranta salon fistan. Ana ƙara nauyi a bakin haƙoran, ko dai a faɗaɗa bakin kamar kan guduma, ko a ɗora masa ƙarin ƙarfe. Nauyin yana rage gudun girgiza a gefe, sai girgizar da ake so ta tashi ta sauka bai ɗaya a duk faɗin, kamar fistan a cikin inji. Baƙin girgiza kuwa, wani ɓangarensu na sama yayin da wani ke ƙasa, don haka lantarkin da suke haifarwa yana soke juna. Sai dai dabarar tana buƙatar awo na tsanaki, domin idan nauyin ya gaza ko ya zarce, matsalar takan dawo.

Ta uku ita ce zaɓen kusurwar da za a yanka dutsen da kaurin ƙarfen, ta yadda ɗaya nau'in girgizar ba zai amsa lantarki ba. Wannan ya fi muhimmanci a matatun da ake lulluɓewa da siririn gilashi don kada zafin gari ya gusar da zangonsu.

Iyakarta

SAW ta fi dacewa da zangon da bai wuce kimanin gigahaz 2.5 ba, kamar megahaz 900 da 1,800 da layukan waya ke amfani da su a Najeriya. Sama da haka haƙoran sukan yi siririn da ƙera su ke wuya, shi ya sa ake komawa ga wasu matatun, kamar BAW wadda girgizarta ke ratsa kaurin abu. Zangon gigahaz 3.5 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjonsa don 5G a Disamban 2021 yana cikin wannan sahu.

Ga ɗan kasuwa da mai saye, wannan na daga dalilan da ke sa wayoyi biyu masu layi ɗaya, a ɗaki ɗaya, su bambanta wajen kama sabis. Matatun a rufe suke, mai gyara ba ya iya daidaita haƙoransu. Idan ɗaya ta lalace, sai dai a sauya ta.