Ribaɗi: Yadda Aka Raba Gadin Iyakar Gobir

Faɗuwar Alƙalawa a 1808 ba ta kawo ƙarshen yaƙin Gobir ba. Mahaya sukan kawo hari su ɓace kafin rundunar Sakkwato ta ɗaura sirdi.

Maganin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya samo shi ne ribaɗi: garuruwa masu ganuwa irin su Wurno, kowanne da shugabansa da yankin da aka ɗora masa tsarewa. Maimakon bin sawun mahari, sai a tare masa hanya. Daga baya Isa ta shiga wannan jeri.

Sai dai ganuwa gari take karewa. Ƙauyen da ya faɗa tsakanin ribaɗi biyu, wa ke da alhakinsa? Manoman Sabon Birni da Isa, da 'yan bindiga suka addaba, har yau amsar suke jira.