Haƙuri Bayan Rufe Masaƙa: Nazari Daga Dorayi

A littafinsa na 1986 kan Musulunci da ma'aikatan birni, Paul Lubeck ya nuna cewa da yawa daga leburorin masana'antun Kano tsofaffin almajirai ne da suka ajiye allo suka kama aikin albashi. A shekarar ce kuma gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar NEPA ta zama sai an ga dama. Daga baya atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

A unguwanni irin su Dorayi, abin da aka fi gaya wa magidancin da aka sallama shi ne "sai haƙuri". Ra'ayina shi ne haƙurin nan iri biyu ne, kuma masu wa'azi kan gwama su. Akwai na zaman dakali, mutum ya naɗe hannu yana jiran ranar da za a sake buɗe ƙofar kamfani. Akwai kuma na wanda ya haɗiye girman kai, jiya yana kula da injin saƙa, yau yana ɗaukar fasinja a acaɓa, da aka hana acaɓa a Kano a 2013 ya koma tuƙa Adaidaita Sahu yana kai balas kullum. Irin wannan mutum ne za ka tarar tsakanin magariba da lisha a gaban malami, da littafin Ahalari da bangonsa ya yage, yana ƙarasa karatun da aikin dare ya katse masa tun yana saurayi. Shi tawakkali ya sa ya ƙara motsi. Ya kuma san darajar adashe da maƙwabcin da ya aiko da kwanon masara ba a roƙe shi ba.

Sai dai a yi hattara da wannan hujja, domin tana da daɗi a bakin masu mulki. Cewa wani ya fita daga jarrabawa da ƙarin imani ba ya wanke wanda ya bar masana'antu suka mutu. Ba kowa ba ne ma ya fita: akwai gidajen da aure ya mutu, akwai yaran da aka cire daga makaranta saboda kuɗin zango, kuma ba kasafai ake kawo misalinsu a kan mumbari ba.