Cin zarafin likitoci da malaman jinya a sashen gaggawa: Yadda lamarin yake a yammacin Zamfara

Cin zarafin ma'aikatan lafiya a bakin aiki ya ƙunshi zagi da barazana da duka da lalata kayan aiki, har zuwa sacewa ko kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya suna fuskantar duka ko wani farmaki a tsawon aikinsu, kuma waɗanda ake zagi ko yi wa barazana sun fi haka yawa. Malaman jinya da ma'aikatan sashen gaggawa suna sahun gaba cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Me ya sa sashen gaggawa?

Wannan sashe ne ƙofar asibiti da ba a rufewa dare da rana, kuma nan ake kai wanda ya yi haɗarin mota ko aka harba ko ya suma. Ƙa'idar aikinsa ita ce a fara da wanda ransa ya fi shiga haɗari, ko da a bayan kowa ya iso. Mai jinyar da bai san haka ba, idan ya ga an tsallake ɗansa an kama wani, sai ya ɗauka sanayya ce ko raini.

Sauran abubuwan da ke haddasa rikici sanannu ne: jiran likita, rashin gado, neman a sayo magani ko a kawo jini cikin dare, ɗaukewar wuta, da kuma yadda ake sanar da mutuwa. Kakkausar magana daga wasu ma'aikatan ma tana rura wutar. Sau da yawa malamar jinya ce ke shan fushin, domin ita ce a gaban gado, alhali ba ita ke ɗaukar ma'aikata ko sayo kayan aiki ba.

Halin da ake ciki a yankin

Mazauna ƙauyuka irin su Tsibiri, a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun, sun dogara ne da ƙananan asibitocin karkara da manyan asibitocin hedikwatar ƙananan hukumomi. Abin da ya fi ƙarfin waɗannan sai a tura shi Gusau, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko kuma Sakkwato, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Hare-haren 'yan bindiga sun sauya yanayin aikin. Hari ɗaya kan iya kawo masu rauni da dama lokaci guda ga ma'aikata 'yan ƙalilan. Tsoron hanya kan sa a kwana da majinyaci a gida, sai gari ya waye a taso da shi ya riga ya galabaita. Idan ya cika a asibiti, laifin kan faɗa kan wanda ya taɓa shi a ƙarshe.

Akwai kuma barazanar da ke zuwa daga waje. A watan Yunin 2022 'yan bindiga suka sace likitan da ke shugabantar Babban Asibitin Ɗansadau a Ƙaramar Hukumar Maru. A Kaduna, an sace Dokta Ganiyat Popoola ta Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a watan Disambar 2023, lamarin da ya sa ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta shiga yajin aikin gargaɗi a watan Agustan 2024. Sai a watan Oktoban shekarar ta kuɓuta.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili. Dokar 2017 kan masu raunin harbi ta wajabta a karɓe su nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Waɗannan haƙƙoƙi ne na majinyaci, kuma wanda aka tauye masa su yana iya kai ƙara ga shugaban asibiti, ko Ma'aikatar Lafiya, ko hukumomin da ke ba likitoci da malaman jinya lasisi.

Dukan ma'aikaci kuwa laifi ne da kotu ke hukuntawa, kuma ɓacin rai ba ya wanke mai shi. A shekarar 2022 Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wuraren aiki. Ƙuduri mai lamba 2286 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2016, ya yi Allah wadai da kai hari kan asibitoci da ma'aikatansu a wuraren rikici.

Wa ke ɗaukar asarar?

Idan aka doki ma'aikaci, aiki kan tsaya, wani lokaci ƙungiya ta janye 'ya'yanta har sai an ɗauki mataki. Wanda abin ya faru da shi kan nemi canjin wurin aiki zuwa birni, wani ma ya bar ƙasar. A asibitin da likita ɗaya ko biyu ke riƙe da shi, tafiyar mutum guda na nufin mai naƙuda ko wanda maciji ya sara zai yi doguwar tafiya kan hanyar da ba ta da tabbas.

Matakan da masana ke ba da shawara a kansu sun haɗa da taƙaita masu shiga da majinyaci zuwa mutum ɗaya ko biyu, ajiye masu gadi da wadataccen haske a ƙofa, ware wanda zai riƙa yi wa dangi bayani cikin harshen da suke ji, tanadar magunguna da jini domin a fara aiki kafin maganar kuɗi, da rubuta duk abin da ya faru maimakon a rufe shi da "a yi haƙuri". A karkara, hakimai da limamai suna da rawar takawa wajen wayar da kan jama'a tun kafin ranar da za a buƙaci asibitin.