Matatar sauti

matatar sauti (suna, mace, jam'i: matatun sauti, masu sana'ar kan ce filta). Sashen na'urar kiɗa ta sintesaiza da ke danne wasu muryoyi daga cikin ƙara, ya bar wasu su wuce. Ƙarar da na'urar ke fara fitarwa kaushi gare ta, cike da siraran muryoyi a saman uwar murya, matata ce ke sassaƙe ta har ta yi daɗin ji.

Wadda aka fi amfani da ita tana barin kakkauran sauti ya wuce, ta tare siriri. Makaɗi ya murɗa maɓallin iyakar da ke tsakaninsu ƙasa, sauti ya dushe. Ya murɗa sama, ya washe. Haka baki ke yi daga "uu" zuwa "aa". Maɓalli na biyu yana ƙarfafa muryoyin da ke daidai bakin iyakar, in an matsa masa sai matatar ta kama fito da kanta.

Fitacciya cikinsu ita ce ta Robert Moog, ɗan Amurka, wadda aka sa a sintesaizar Minimoog a 1970. Tana rage ƙarfin sauti da desibel 24 duk sanda saurin kaɗawar sauti ya ninka sama da iyakar. Ƙararta akwai kauri da taushi, har yau kwaikwayonta ake yi.

Misali: Rufe matatar kaɗan, kiɗan ya cika tsini.