Tarihin Sarrafa Ƙarfe a Ƙasar Birnin Gwari, daga Maƙera zuwa Injin Kwamfuta

Sarrafa ƙarfe fanni ne na sana'a wanda ya ƙunshi fitar da ƙarfe daga tama, da ƙera shi a wuta, da sassaƙa shi da inji har ya dace da awon da ake bukata. Kuma idan aka bibiyi tarihinsa a ƙasar Birnin Gwari, wadda take yammacin Jihar Kaduna kimanin kilomita 120 daga birnin Kaduna, za a tarar cewa maƙera da shagon walda da injin da kwamfuta ke yi wa umarni duk silsila ɗaya ce, ko da yake ƙarshenta bai riga ya kafu a wannan yanki ba.

Asalin al'amarin daɗaɗɗe ne ƙwarai, domin a Taruga, kusa da Abuja, masu binciken kufai sun tono matoyar tama wadda shekarunta suka haura 2,000, a Kano kuwa an samu alamun irin wannan aiki a dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Fitar da ƙarfe daga tama yana cin gawayi mai yawan gaske, maƙera kuma sun fifita gawayin ƙirya saboda ƙarfin wutarsa da jimirinsa, don haka ƙasa mai daji irin ta Birnin Gwari, inda gandun Kamuku yake, ba ta taɓa rasa abin da zugazugi ke bukata ba. Maƙeran baƙi, waɗanda ke zaune gaban uwar maƙera da masaba da awartaki, su ne suka riƙe rayuwar manomi da maharbi, da yake daga hannunsu garma da fartanya da lauje da gatari da kan kibiya suke fitowa. Maƙeran fari kuwa aikinsu azurfa ne da tagulla da kayan ado. Ilmin gado ne, ɗa ke karɓa daga uba, Sarkin Maƙera ke shugabantar ma'abotansa, kuma ma'auninsa duka yana cikin ido da kunne, ta yadda gwani kan gane ƙarfe ya nuna daga launin jansa kawai.

Zuwan Turawa ya kashe aikin tama, saboda tarkacen jirgin ƙasa da na mota sun fi arha, har sifirin mota ya zama abin da maƙeri ya fi so don yin adda da gatari. Daga bisani aka kafa makarantar koyon sana'a a Kaduna a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968, aka kuma kafa masana'antar kayan yaƙi ta DICON a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus. A irin waɗannan wurare ne 'yan Arewa da dama suka koyi aiki da injin da ke juya ƙarfe yana sassaƙa shi. Amma a ganina makarantar da ta fi tasiri ga talaka ita ce kasuwar Panteka ta Kaduna, inda masu walda da masu narka alminiyum suke ƙera injin niƙa da na casar masara da tukwane daga ƙarfen da wasu suka zubar. Birnin Gwari ƙasar masara ce, kuma ƙasar zinariya ce da ake haƙa tun zamanin mulkin mallaka, saboda haka injin casa da injin niƙa dutse sun zama ruwan dare, kowannensu kuwa yana cin ƙarfen da dole a gyara ko a sake.

Shi kuwa injin da lissafi ke tafiyarwa, a Amurka aka haife shi, lokacin da John Parsons, wanda ke ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu, ya yi amfani da kati mai huji wajen ƙididdige awonsu a ƙarshen shekarun 1940. Rundunar sojan saman Amurka ta ɗauki nauyin binciken a 1949, sannan jami'ar MIT ta nuna injin farko a 1952. Hikimarsa ita ce a zana abin da ake so, a mayar da zanen jerin umarni na lambobi, sai ƙananan injinan lantarki su riƙa tura bakin yankan gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, ba tare da hannun mutum ba, har a fitar da abu dubu babu wanda ya saɓa wa ɗan'uwansa. Shekaru da yawa sai manyan masana'antu ke iya mallakarsa, har Allah Ya kawo arhar kayan lantarki: allon Arduino ya fito a Italiya a 2005, manhajar Grbl ta kyauta ta biyo baya a 2009, ƙananan injuna daga Sin suka cika kasuwa, masu yi don sha'awa suka fara harhaɗa nasu a gida. Wajibi ne a faɗi haddin waɗannan ƙananan, wato suna yanka katako da roba da alminiyum da tagulla, amma baƙin ƙarfe mai tauri ya fi ƙarfin yawancinsu.

Abin da ya tsare wannan fasaha daga Birnin Gwari ba ƙarancin basira ba ne, domin yaron da ya iya kwance injin niƙa ya mayar ba zai kasa koyon zane a kwamfuta ba. Injin yana bukatar wutar lantarki tsayayya, tun da ɗaukewarta a tsakiyar aiki kan lalata ƙarfen da ake yanka, yana kuma bukatar hanya mai aminci da za a kawo kayan gyaransa. Alhali kuwa fitinar 'yan bindiga ta shafe fiye da shekara goma tana addabar dajin da hanyar Kaduna, ta tashi ƙauyuka, ta durƙusar da kasuwanni, kafin sulhun da gwamnatin jihar ta ƙulla a watan Nuwamba na 2024, wanda a sanadinsa aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin.