Jidda da Mu: Tarihin Ƙofar da Kakanninmu Suka Bi

Kusan babu unguwa a Mashi da za a rasa wanda ya san Jidda, ko ya je da kansa, ko yana da ɗan uwa da ke neman halak ɗinsa a can. Mukan ambaci birnin kamar Kano, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san yadda wannan gari na bakin Bahar Maliya, a nahiyar Asiya, ya shiga rayuwarmu.

A shekarar 647, zamanin Halifa Usman ɗan Affan, aka mai da Jidda tashar jiragen ruwa ta Makka, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 100 ba. A farkon ƙarni na 16 aka zagaye ta da ganuwa saboda tsoron farmakin Turawan Fotugal. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen ruwa masu tururi suka ƙaru, Indiyawa da mutanen Jawa da Turkawa da Yamanawa suka riƙa cika kasuwanninta.

Kakanninmu kuwa ta ƙasa suka je mata. Mutum yakan tashi daga ƙasar Katsina ko Daura ya bi ta Kano da Barno da Wadai da Darfur, yana tafe yana ƙwadago, har ya kai Sawakin ya hau jirgin ruwa. Tafiyar takan ci shekaru. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, suka kafa gari a Sudan da har yau ake kira da sunansa. Da aka fara noman auduga na Jazira a 1925, alhazan ƙasa da dama a nan suka tara kuɗin tsallaka teku, wasu kuma a nan suka tsaya har mutuwa.

Masu hali sun sami wata hanya. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta Legas da Ingila a jirgin ruwa kafin ya isa Jidda. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1940, Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa kamfanin jigilar alhazai a Kano, wanda daga sunansa ne aka sami Wapa ta Fagge, inda yanzu ake canjin kuɗi.

Talakan da ya iso Jidda a wancan zamani ba cikin ganuwa yake sauka ba. A bayan gari mutanenmu suka kafa bukkoki, suna dako, suna ga-ruwa, suna wanki, don su tara guzurin komawa gida. Larabawa suna kiransu Takaruni, daga sunan tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Sanagal, kuma daga nan muka sami kalmar Takari. Zaman yana da haɗari, domin sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya, kuma kafin nan akwai mahajjata baƙar fata da aka yaudara aka sayar.

A 1947 aka rushe ganuwar, kuɗin man fetur kuma suka buɗe garin. Yau mutanen Jidda sun haura miliyan 3. Wanda ya saba da titin Katsina zuwa Daura, in ya tsaya a Bab Makka bayan magariba sai kansa ya juya: motoci ba sa jiran kowa, zafi da gumin teku sun haɗu, a layi ɗaya za ka ji Larabci da Urdu da Hausa. A wannan hayaniya 'yan Kano-Jidda suka gina kasuwancinsu na gwal da turare da jallabiya da dabino.

Sai dai abin da ya bambanta zamaninmu da na kakanni shi ne takarda. Su da ƙafa suka shiga, mu kuwa sai da biza, da igama, da kafili. Wanda ya shiga da bizar Umara ya ƙi fita ya zama abin farauta: ba ya iya zuwa asibiti hankali kwance, in an hana shi ladan aikinsa ba shi da inda zai kai ƙara. Akwai lokacin da marasa takarda ke taruwa a ƙarƙashin gadar Kandara suna jiran a kwashe su zuwa gida. A Nuwamba 2013 hukuma ta yi gagarumin kame bayan wa'adin afuwa ya ƙare. Daga ƙarshen 2021 kuma aka shiga rushe tsofaffin unguwanni da dama, har da Karantina da Sabil da Gulel, inda Takari da yawa suka yi zama shekara da shekaru. Wasu da aka haifa a can an dawo da su ƙasar da ba su taɓa gani ba.

Ba muna cewa kada a fita nema ba, domin akwai gidaje da aka gina, da yara da aka sa makaranta, da riyal ɗin Jidda. Abin da muke cewa shi ne, kafin a sayar da gona ko shanun huɗa a miƙa wa dillali, a tambaya: wace irin biza ce, wane ne kafilin, wane aiki ne, nawa ne albashi, kuma a hannun wa fasfo zai zauna? Wannan ya fi zama wajibi a kan 'yan matanmu da ake ɗauka aikatau. Kakanninmu sukan yi shekaru suna shirin wannan tafiya, don haka kwana bakwai na bincike bai yi mana yawa ba.

Duk wanda kakansa ya yi hajjin ƙasa, muna roƙonsa ya rubuto mana garuruwan da ya ji an ce ya bi, tun dattawan da suka riƙe labarin suna raye. Allah ya tsare matafiyanmu, ya dawo da su lafiya.